Renon Tsiro a Kwalba: Abin da Yake Yi wa Manomi da Abin da Ba Ya Yi

Amfanin gona kashi biyu ne wajen iri. Akwai wanda ake shuka ƙwayarsa, kamar gero da dawa da masara da wake. Akwai kuma wanda sai an yanki wani sashe na jikin uwar an binne: rogo da sandarsa, rake da gaɓarsa, doya da kanta, dankalin Hausa da yaɗonsa, ayaba da dabino da 'ya'yan da ke tsirowa a gindinsu, dankalin turawa da citta da abin da suka saka a ƙasa. Manomin kashi na farko yana da sauƙi. 'Yan mudu sun ishe shi shuka gona guda, ƙwaya ɗaya tana dawo masa da ɗaruruwa, kuma da yawa daga cikin cututtukan uwa ba sa bin ƙwaya. Manomin kashi na biyu kuwa yana ɗauke da kaya biyu.

Na farko shi ne tsada da jinkiri. Mai noman doya yakan ware har kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya haƙa don irin baɗi. Hekta ɗaya ta dankalin turawa tana cin kimanin tan 2 na iri. Hektar rogo tana son yanka 10,000, alhali tushe ɗaya ba ya ba da fiye da yanka goma ko makamancin haka a shekara. Na biyu shi ne cuta. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to a nan gadon har da ciwo. Duk bairos ɗin da ya shiga jikin uwa yana cikin sandar da aka yanka, haka zai bi iri shekara bayan shekara, yana taruwa, har manomi ya ce irinsa ya gaji ko ya tsufa. Waɗannan matsaloli biyu ne suka ba renon tsiro a kwalba, wanda a ɗakunan bincike ake ce wa tishu kalca, muhimmancin da yake da shi a yau.

Asalin tunanin

A shekarar 1902 wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Gottlieb Haberlandt, ya kawo ra'ayin cewa kowane tantanin halitta mai rai a jikin tsiro yana ɗauke da cikakken tsarin tsiron baki ɗaya, saboda haka idan aka ware shi aka ba shi abincin da ya dace, zai iya zama sabon tsiro mai saiwa da ganye. Ya gwada da tantanin ganye cikin ruwan sukari da gishirin ma'adinai. Sun rayu na wani lokaci, sun kumbura, amma sun ƙi rabuwa su hayayyafa. Ra'ayinsa daidai ne, kayan aikin ne ba su samu ba tukuna.

An ɗauki fiye da shekara hamsin ana cike giɓin. A 1934 Philip White a Amurka ya rayar da saiwar tumatir ita kaɗai cikin ruwan abinci, tana ta girma ba uwa. A 1939 Roger Gautheret da Pierre Nobécourt a Faransa suka samu naman karas yana ta hayayyafa ba tsayawa, sai dai ya fito a matsayin ƙullutu marar siffa, ba saiwa ba ganye. Wannan ƙullutun shi ake kira kalus. Mabuɗin ya fito daga Jami'ar Wisconsin, inda Folke Skoog da Carlos Miller suka gano sinadarin kinetin a 1955, sannan a 1957 suka nuna cewa sinadaran girma iri biyu, oksin da saitokinin, su ne ke jan ragamar lamarin. Idan oksin ya rinjayi saitokinin, kalus ya fid da saiwa. Idan saitokinin ya rinjaya, ya fid da toho. Idan suka yi kunnen doki, ya ci gaba da zama ƙullutu. A 1958 Frederick Steward na Jami'ar Cornell ya tayar da cikakken karas daga tantanin da ya ciro a jikin saiwarsa, kuma cikin abin da ya ciyar da su har da ruwan kwakwa. A 1962 Toshio Murashige da Skoog suka fitar da haɗin abincin da har gobe shi ne aka fi amfani da shi a duniya, wanda ake kira MS, haruffan farko na sunayensu.

Yadda ake aikin

Komai yana farawa daga zaɓen uwa. Kwalba ba ta gyara mugun iri, kwafinsa kawai take yi, don haka sai an tabbatar da sunan irin da halinsa da lafiyarsa. Daga jikin uwar ake yanko ɗan sashe, galibi kan toho ko idon gaɓa. A wanke shi da sabulu, a tsoma a sifirit na ɗan lokaci, a jiƙa a ruwan bilic da aka sirka, a ɗauraye da ruwan da aka dafa. Akwai gwaninta a nan, domin in wankin ya yi kaɗan ƙwayoyin cuta su tsira, in ya yi yawa tsiron ya mutu.

Abincin da ake ɗora shi a kai ya ƙunshi gishirin ma'adinai irin na taki, da bitamin, da sinadaran girma, da sukari kimanin giram 30 a kowace lita, da kuma aga, wani gari da ake samu daga ciyawar teku wanda ke daskarar da ruwan. Sukarin dole ne, domin ɗan tsiron bai isa ya haɗa abincinsa da hasken rana ba. Amma abin da ke ciyar da tsiro shi ke ciyar da fumfuna da bakteriya, su kuwa sun fi shi saurin girma nesa ba kusa ba. Ƙwaya ɗaya ta faɗa kwalba, cikin 'yan kwanaki ta mamaye ta. Shi ya sa ake dafa abincin da kwalaben da wuƙaƙen a tukunyar tururi mai matsi, a zafin digiri 121 na minti 15 zuwa 20, kuma ake yin yankan a kan wani teburi mai rufi wanda ke hura tatacciyar iska. Daga nan sai ɗakin reno, inda ake riƙe zafi a wajen digiri 25, da hasken fitila na kimanin awa 16 a kullum.

Bayan 'yan makonni toho ɗaya ya zama gungu. A fito da shi, a rarraba, a sa kowane a sabuwar kwalba. A nan lissafin yake ban mamaki. Idan kowane toho yana ba da huɗu a wata, to a wata na shida an samu 4,096, a wata na goma an haura miliyan ɗaya. Ba a cika kai wa wannan adadi a aikace ba, saboda asara da kuma wani dalili da zai zo a gaba, amma ko kaɗan daga cikinsa ya fi ƙarfin abin da gindin ayaba ke bayarwa, wato 'ya'ya biyar zuwa goma a shekara. Idan adadin ya isa, sai a canza abinci zuwa mai oksin don su yi saiwa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi rainawa, kuma nan aka fi tafka asara. Tsiron kwalba kamar bakwaini yake. Ya tashi cikin laima, bai san iska ba, bai san rana ba. Ganyensa ba shi da kakin da ke tare ruwa, ƙofofin numfashinsa ba su iya rufewa ba, saiwarsa ba ta saba da ƙasa ba. In aka kai shi gona kai tsaye, kafin la'asar ya yanƙwane. Sai an wanke masa aga, an dasa shi a ƙasa mai tsabta cikin rumfar raga, an lulluɓe shi, ana rage laima ana ƙara haske sannu a hankali har tsawon makonni, kafin ya isa shiga hannun manomi.

Ribar da ke ciki

Riba ta farko tsabta ce. A 1952 Georges Morel da Claude Martin a Faransa suka nuna cewa ko tsiro ya cika da bairos, can ƙarshen kan tohonsa, wurin da bai kai rabin milimita ba, galibi yana nan lafiya. Dalili kuwa jijiyoyin da cutar ke bi ba su kai wurin ba tukuna, kuma tantanin wurin suna rabuwa da sauri fiye da yadda cutar ke yaɗuwa. Idan aka yanko wannan ɗigon a ƙarƙashin madubin ƙara girma aka rene shi, sai a samu tsiro iri ɗaya da uwar amma babu ciwonta. Wani lokaci akan fara ajiye uwar a zafin da ya kusa digiri 37 na 'yan makonni don a ƙara raunana cutar. A kan wannan dabara harkar irin dankalin turawa ta ƙasashe da yawa ta ginu: daga kwalba zuwa ƙananan 'ya'ya a rumfar raga, daga nan zuwa gonakin ninka iri, sannan kasuwa.

Riba ta biyu yawa ne, kuma dabino shi ne babban misali. Dabino akwai namiji akwai mace. Wanda ya shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai fito maza ne, ba zai kuma gane ba sai bayan shekaru da suka yi fure, matan ma ba lallai su biyo uwarsu wajen zaƙi da girma ba. 'Ya'yan gindi su ne ke biyo uwa, amma bishiya ba ta ba da su sai tana ƙuruciya, kuma ba su da yawa. Ƙasar Moroko, wadda cutar bayud ta kashe mata miliyoyin bishiyoyi, ta koma ga kwalba don ninka nau'o'i masu jure cutar. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ita ma tana da ɗakin renon dabino a Al Ain. Wannan magana ta shafi duk mai son kafa gonar dabino, daga Dutse, inda reshen binciken dabino na cibiyar NIFOR yake, har zuwa In Gall da Bilma.

Riba ta uku ajiya ce. Ana iya busar da ƙwayar gero a sa a sanyi ta yi shekaru masu yawa, amma ayaba da doya da rogo ba su ajiyuwa haka. Ajiye su a gona kuwa kasada ce, fari ko cuta ko gobara ɗaya na iya shafe nau'in da kakanni suka riƙe. Cibiyar IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, tana riƙe da dubban nau'o'in doya da rogo, da yawansu a kwalabe. A Leuven ta ƙasar Beljiyam akwai rumbun ayaba na duniya mai nau'o'i sama da 1,500. Wasu ma ana daskarar da kan tohonsu a ruwan naitirojin, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, inda rai ke tsayawa cak har ranar da aka buƙace su. A kwalba kuma ake tsallakar da iri daga ƙasa zuwa ƙasa ba tare da an kwaso ƙwari da cututtukan ƙasar ba.

Riba ta huɗu ta masu ƙirƙiro sabon iri ce. Idan aka haɗa jinsi biyu masu nisan dangantaka, sau da yawa ɗan tayin da ke cikin ƙwayar yakan mutu kafin ta nuna. Sai a ciro shi tun yana ɗanye a rene shi a kwalba. Da wannan dabara, tare da renon tsiro daga garin fure, Monty Jones ɗan Saliyo da abokan aikinsa na cibiyar binciken shinkafa ta Yammacin Afirka suka haɗa shinkafar Afirka mai juriya da ta Asiya mai yawan amfani a shekarun 1990, aka samu shinkafar NERICA. Aikin ya jawo masa Kyautar Abinci ta Duniya a 2004.

Inda gizo ke saƙa

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani: tsabta daban, rigakafi daban. Rogon da ya fito daga kwalba ba shi da cutar da ke nannaɗe ganye, amma in irin ba mai juriya ba ne, farin ƙuda zai sake kawo masa ita daga gonar maƙwabci. Haka darɓa ke yi wa dankalin turawa. Ayaba mai tsabta da aka dasa a ƙasar da cuta ta riga ta zauna za ta kamu. Abin da manomi ya saya shi ne kyakkyawan farawa na wasu 'yan shekaru, bayan haka sai ya sabunta iri. Duk wanda ya ce masa ya rabu da cuta har abada bai gaya masa gaskiya ba.

Na biyu, kwafin ba kullum yake fitowa daidai ba. Idan nama ya daɗe a kwalba, musamman in an bi ta hanyar kalus ko an cika masa sinadaran girma, wasu tsirrai sukan sauya hali. Masu noman kwakwar manja a Maleshiya sun ɗanɗana wannan a shekarun 1980. An dasa bishiyoyin da aka kwafo daga iyaye mafi yawan mai, aka yi shekaru ana jira, da suka fara 'ya'ya sai wasu suka fito da nakasassun 'ya'ya marasa amfani. Sai a 2015 masu bincike suka gano cewa tsarin gadon bai canza ba, wata alama ce da ke kulle wani sashe nasa ta goge a lokacin reno. A 2016 kuma aka ba da rahoton cewa wasu nau'o'in rogo masu jure cutar nannaɗe ganye sun rasa juriyar bayan an tayar da su ta hanyar ɗan tayin da ake ƙirƙira daga naman jiki, alhali waɗanda aka ninka ta idon gaɓa ba su rasa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa ɗakunan renon ayaba na ƙwarai suke tsayawa bayan zagaye bakwai ko takwas, su koma su ɗauko sabuwar uwa. Mai haɗama da ya ci gaba da rarrabawa don rage kuɗi, wada da marasa 'ya'ya zai sayar wa mutane.

Na uku, kamanni da kansa haɗari ne. Gonar da duk tsirranta kwafin uwa ɗaya ne, abin da ya kayar da ɗaya zai kayar da duka. Ayabar Gros Michel ce ke riƙe da kasuwar duniya har cutar Panama ta durƙusar da ita a shekarun 1950. Aka maye gurbinta da Cavendish, ita ma nau'i ɗaya tilo, ga shi yanzu wani sabon jinsin cutar da ake kira TR4 yana bin ta, ya shiga Mozambik a 2013, ya shiga Kolombiya a 2019. Kwalba ba ita ta haifar da wannan ba, amma tana sauƙaƙa cika ƙasa da nau'i ɗaya a manta da sauran.

Na huɗu kuɗi ne. Aikin hannu ne mai cin lokaci, kowane toho da wuƙa ake yanka shi. Sinadarai da aga daga waje ake sayo su. Wutar lantarki kuwa ba ta son yankewa, domin in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya a watan bazara, aikin watanni na iya lalacewa cikin kwana ɗaya ko biyu. A Kenya, inda aka fara yaɗa ayabar kwalba ga ƙananan manoma tun ƙarshen shekarun 1990, an ga cewa waɗanda suka ci riba su ne masu ruwan ban-ruwa da taki da hanyar kasuwa. Wanda ya saya da tsada ya dasa ya bar wa Allah da damina, bai ga bambanci sosai ba.

Shin canza halitta ne?

Mutane da yawa suna haɗa renon kwalba da irin da aka sauya wa ƙwayoyin gado, alhali abubuwa biyu ne. Ayaba ko rake ko dabinon da aka ninka a kwalba ba a ƙara masa komai ba, dashe ne irin na kaka da kakanni, sai dai yankan ƙarami ne kuma wurin yana da tsabta. Alaƙar da ke tsakaninsu ita ce, mai son sauya gado yana buƙatar kwalba, domin a tantani ɗaya yake sa sabon abu, kuma dole wannan tantanin ya tashi ya zama cikakken tsiro. A nan ne amfanin gona da yawa ke taurin kai. Taba da karas suna tashi cikin sauƙi, wake da dawa kuwa suna wahalarwa, kuma ko a jinsi ɗaya wani nau'i ya yarda wani ya ƙi. Waken SAMPEA 20-T da aka sauya wa gado, mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019, ya jira shekaru kafin masana a Ostareliya su shawo kan yadda za a tayar da wake daga kwalba. Mai ƙin irin wannan wake da mai sonsa kowa yana da hujjar da zai kawo, amma muhawarar ba ta shafi dashen ayaba ko citta mai tsabta ba.

Daga kwalba zuwa gona

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman doya da rogo, kuma dukansu da dashe ake noma su. Annobar da ta afka wa citta a kudancin Kaduna a 2023, a yankunan Kachia da Jaba da Kagarko, ta nuna abin da ke faruwa idan cuta ta shiga iri: ta cinye amfanin bana, ta kuma bar manomi ba abin shukawa baɗi. Manoman dankalin turawa a Filato sun daɗe suna juya tsohon iri. Ilimin magance wannan yana nan a gida, a IITA, a cibiyar binciken doya da rogo ta Umudike da reshenta na dankali a Kuru kusa da Jos, a cibiyar kayan lambu ta Ibadan, da jami'o'i da dama. An ma samu hanyoyin rage tsada. IITA ta ɗauko wata dabara daga Ajantina inda ake fito da rogo daga kwalba a ci gaba da yanka shi a cikin akwatunan roba masu ƙasa ta musamman. Ana kuma renon doya saiwarta na rataye a iska ana fesa mata ruwan taki.

Giɓin yana tsakanin ƙofar ɗakin bincike da bakin gona. Ƙaramin manomi ba ya buƙatar tsiron kwalba a hannunsa, ba zai ma iya sayensa ba. Abin da yake buƙata shi ne jika ko tattaɓa-kunnen wannan tsiron, a kusa da garinsa, a lokacin shuka, a farashin da zai iya, da shaidar hukumar iri cewa nau'in da aka ambata ne kuma an gwada lafiyarsa. Wannan yana nufin rumfunan raga a jihohin da ake noman, da matasan da aka horar su ninka iri su sayar a matsayin sana'a, da masu duba gonakinsu, da wutar rana ga ɗakunan reno. Gwamnatin jihar da ke da kuɗin gina ɗaki ɗaya mai tsada, gara ta gina rumfuna ashirin ta ƙulla yarjejeniya da cibiyar da ke da ɗakin tun tuni.

Shi kuma manomin da aka kawo wa dashe aka ce na kwalba ne, ya yi tambaya huɗu kafin ya zaro kuɗinsa: wane nau'i ne, daga wane ɗaki ya fito, an gwada shi an tabbatar ba cuta, kuma mako nawa ya yi a rumfa yana sabawa da rana? In mai sayarwa ya kasa amsawa, a bar masa kayansa. In ya amsa, a fara da ɗan sashe na gona, a ba shi ruwa da taki yadda ya kamata, a gwada shi da tsohon iri a kaka ɗaya, sannan a yanke hukunci da abin da ma'auni ya nuna.